Filin Tambaya da Amsa: Shirya Jif Domin Shiga Daji da Kwana a Can

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Toyota Prado ta hannu, ƙirar 2008, mai shan man gas. Ina so in riƙa fita da iyali muna kwana biyu ko uku a daji, mu fara da Gashaka-Gumti da tsaunin Mambila. Mai walda ya ce in sa mata ƙaton ƙarfen gaba, da kariyar ɗaukar kaya a sama, da fitilu shida. Da me ya kamata in fara? — Wani mai karatu daga Jalingo

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakatar da mai walda tukuna. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Motar da ta haura shekara goma sha biyar tana kan hanya, kuɗinka na farko wajen bakanike zai tafi. A wanke lagireto, a matsa robobin ruwa da hannu a ji ko sun bushe ko sun yi laushi fiye da kima, a canza fanbel, a juye baƙin mai da man giya da man aksul na gaba da na baya. A ɗaga motar a girgiza kowace ƙafa a ji ko boris ko bol-join na da wasa. Injin gas na wannan Prado bel ne ke juya tayimin ɗinsa, ba sarƙa ba, kuma idan ba ka san ranar da aka canza shi ba, ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba. In ya tsinke a daji, injin ne gaba ɗaya ya tafi.

Man birki kuma a zubar da tsohon a sa sabo. Yana shan danshin iska a hankali, kuma man da ya sha ruwa tafasa yake yi idan birki ya ɗau zafi. Gangaren da ke tsakanin saman Mambila da Mayo Selbe shi ne irin wurin da hakan ke faruwa: ka taka birki ya tafi ƙasa fayau. A gangare irin wannan giya ta biyu ake sa wa mota ta riƙe kanta, birki taimako kawai yake yi.

Sai ka buɗe ƙofar direba ka nemi ɗan allon da ke jikin ginshiƙi. A nan aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai da duk abin da ke cikinta. Ka cire nauyin motar ita kaɗai, abin da ya rage shi ne rabonka, kuma a irin wannan jif bai cika wuce kilo 600 zuwa 700 ba. Yanzu yi lissafi da mu. Manya huɗu, kilo 300. Ruwan kwana uku, lita goma-goma kowane mutum a rana, kilo 120. Jarkar ƙarfe biyu ta man gas, kilo 42. Safaya ta biyu, kilo 35. Firji da batir na biyu, kilo 60. Kayan gyara da na ciro mota, kilo 40. Tanti, shimfiɗa, abinci da tukunyar gas, kilo 60. Ka ga an kai 657, ba a sa ƙarfen gaba ba, wanda shi kaɗai yakan kai kilo 50, ba a sa kariya mai kilo 30 ba. Mota mai kaya fiye da ƙima sifirin ɗinta ke kwantawa, shokozoba ta yi zafi ta daina aiki a kan gargada, tayoyin baya su fashe, wani lokaci shasi ya tsage daidai inda aka ɗaure sifirin.

Don haka jerin shi ne: gyaran inji da ƙafafu, tayoyi, famfon iska da geji, kayan ciro mota, wurin ruwa da mai. Idan kuɗi ya rage, ka sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko 4 a ƙarƙashin inji, domin dutse ɗaya ya isa ya huda kaskon baƙin mai. Fitilu shida kuwa ba ka buƙatarsu, tunda mai hankali ba ya tuƙin dare a daji. Ka shirya Gashaka a rani, daga Disamba zuwa Maris, ka kuma fara biyawa ofishin gandun a Serti domin izini da ɗan rakiya.

Tambaya: Wace irin taya ta dace da yashi da duwatsu, kuma gaskiya ne ana sace iska kafin a shiga rairayi? Ni a ganina taya mai tauri ta fi jure wahala. — Direba daga Damagaram, mai zuwa Agadas da Timiya

Amsa: Gaskiya ne, kuma babu wata dabara da ta kai ta amfani a yashi. Taya mai cike da iska ɗan wuri kaɗan take taka ƙasa, sai ta tona rami ta nutse. Idan ka rage iskar, tafinta ya yi tsawo, nauyin motar ya bazu, ta hau saman yashin kamar kofaton raƙumi.

Ga lambobin da ake aiki da su a jif mai matsakaicin kaya. A kwalta, abin da kamfani ya rubuta, yawanci psi (ma'aunin iskar taya) 30 zuwa 35, wato kilo 2.1 zuwa 2.4 a gejin da ake amfani da shi a Nijar. A burji da duwatsu, 26 zuwa 28, tare da rage gudu. A yashi mai laushi, 16 zuwa 18, kusan kilo 1.2. In mota ta riga ta kafe, ana iya sauka har 12 don a fita kawai, sannan a mayar. Sharaɗi biyu ne: da iska 18 kada ka wuce kilomita 40 a awa, kuma kada ka karya kwana da ƙarfi, domin bakin taya na iya zamewa daga wili iskar ta fice lokaci guda. Da ka dawo ƙasa mai tauri, ka tsaya ka mayar da iska. Taya mai ƙarancin iska da ake gudu da ita a kwalta gefenta ke lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har zaren ciki ya rabu, ranar da za ta fashe kuma ba ta yin sallama. Shi ya sa famfon iska na lantarki wajibi ne, irin wanda ake maƙala wa kan batir kai tsaye. Ƙaramin nan da ake sokawa a ramin kunna taba zai ƙone kafin ya cika taya ta biyu.

Game da iri, ka nemi wadda aka rubuta LT a jikinta, mai zanen da ake kira A/T, wato na kowace irin hanya. Gefenta ya fi kauri, yana jure ƙayar aduwa da bagaruwa da kaifin duwatsun Ayar na yankin Agadas. Mai manyan haƙora ta taɓo, M/T, tona yashi take yi, ga ƙugi a kwalta, ga shan mai. Wili mai inci 16 ko 17 ya fi na 18 ko 20, saboda taya mai tsawon gefe ita ce ke da wurin kwantawa idan an sace iska.

Idan ta hannu za ka saya, duba lamba huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta wuce shekara shida ka bar ta, ko da zanenta bai ci ba. Wadda aka yi don hunturun Turai zalla ita ma ka bar ta, robarta laushi gare ta, zafin Sahara cinye ta yake yi. Araha ba ta ado.

Safaya biyu ake ɗauka a irin hanyarku. Ka haɗa da igiyoyin faci da allurarsu, da bawul na ajiya guda huɗu, da tub ɗaya daidai girman tayar, don ranar da gefe ya yage yadda faci ba zai kama ba.

Tambaya: Yaya zan san yawan man da zan ɗauka idan babu gidan mai a hanya? — Ma'aikacin rigakafi daga jihar Yobe

Amsa: Kada ka yi lissafi da abin da motar ke sha a kwalta. Yashi yakan ninka shan mai. A matsayin ma'aunin shiri, jif mai gas ka ba ta lita 13 a kilomita 100 na burji, lita 22 a yashi irin na wajen Yusufari. Mai fetur ta silinda shida ka ba ta 17 da 30. Misali tafiyar kilomita 400 zuwa da dawowa, 250 burji, 150 yashi: mai gas za ta sha kusan lita 66, mai fetur kusan 88. Ka ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda ɓatan hanya, kafewa da zagaye, sai ya zama 88 da 117. Babban tankin Prado lita 87 ne, don haka ta gas na buƙatar jarka ɗaya, ta fetur biyu. Tafiyar farko ka auna da kanka, ka cika tanki ka rubuta kilomita, domin kowace mota da cikinta.

Fetur a jarkar ƙarfe ake zuba shi, a bar ɗan wuri a sama saboda kumburi, kuma ba ya kwana a cikin mota tare da mutane. Jarkar man gyaɗa ta roba bakinta na tsiyaya idan rana ta buga ta. Da tanki ya sami wuri, juye jarka a ciki, nauyi ya sauka ƙasa.

Abin da ya fi kashe sababbin injinan gas a karkara shi ne man 'yan bumburutu mai ruwa da ƙasa. Tsohon injin Land Cruiser 1HZ mai lita 4.2 yana haƙuri da shi, shi ya sa har gobe ake ganinsa a hanyar Dirku da Bilma. Injinan zamani masu kwamfuta nozul ɗinsu ba ya yafiya. Ka sa matatar mai ta biyu mai kofin gilashi a ƙasa wadda ke raba ruwa, ka duba ta kowace safiya, ka tafi da filta biyu na ajiya. In dole ta sa ka sayi na jarka, ka tace shi da kyalle mai tsabta, ka kuma bar na ƙasan jarkar.

Tambaya: Tanti na saman mota ko na ƙasa? Maigida yana son na sama, ni kuma tsoron hawa tsani da yara nake yi. — Wata uwa daga Bauci

Amsa: Hajiya, muna bayanki, amma ba don tsani kaɗai ba. Tantin sama yakan kai kilo 50 zuwa 70, kariyar da zai zauna a kai kilo 25 ko 30, alhali rufin yawancin jif abin da aka yarda ya ɗauka ana tafiya bai wuce kilo 70 zuwa 100 ba. Nauyi a sama shi ke kifar da mota idan ta karkata a gefen tudu. Ga shi duk lokacin da za a je ɗebo ruwa sai an naɗe ɗakin kwana. Amfaninsa ɗaya ne babba: yana nesanta mutum da kunama da maciji.

Wannan kuwa ana samun sa da gadon zango mai naɗewa da tanti mai ƙasa a ɗinke da zif mai lafiya. A share wurin kafin a kafa, a nisanci tarin duwatsu, ramuka da gidan gara. Takalma a cikin tanti suke kwana, da safe a kakkaɓe su kafin a sa ƙafa. Mai fita fitsari da dare ya riƙe tocila ya sa takalmi rufaffe, domin kububuwa da dare take yawo, kuma yankin Gombe, Bauci da Taraba gidanta ne, shi ya sa ma aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Gidan sauro mai magani dole ne ko da sanyi ake yi. Kada a shiga da kurfoti ko risho cikin tanti don jin ɗumi, hayaƙin gawayi marar wari yana kashe mai barci. Bargo ake ƙarawa. Mambila da Ayar duka suna sanyin da zai ba mutumin Bauci mamaki.

Kada a sauka a cikin busasshen rafi, komai laushin yashinsa da daɗin inuwarsa. Ruwan da aka yi a kan dutse nesa da ku yana iya isowa da tsakar dare sama tana tangaran. Kuma kafin a kafa tanti kusa da gari ko ruga, a je a gaida mai unguwa ko arɗo a faɗi ko su wane ne. Su suka san inda ba a kwana a wannan zamani.

Tambaya: Na sa firji a but, na kwana ɗaya a daji, da safe mota ta ƙi tashi. Ina mafita? — Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Batir ɗin tada mota ba a yi shi don a tsotse shi a hankali dare guda ba. Firji mai lita 40 a zafin Afrilu yakan ci amfiya-awa (ma'aunin wutar da batir ke ajiyewa) 50 zuwa 60 a yini da kwana, wanda ya isa ya kwantar da shi. Mafita batir na biyu, wanda aka raba da na farko.

Batir na sola irin AGM mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake ci idan ana so ya yi ƙarko, wato kwana ɗaya ke nan. Na litiyam mai wannan lamba yana ba da 80 zuwa 90, nauyinsa kuma bai kai rabi ba, sai dai ba a ajiye shi a ƙarƙashin bonet saboda zafi. Tsakanin batiran biyu a sa na'urar caji ta DC-DC mai amfiya 25, wadda ke jan wuta idan inji na aiki, ta yanke idan an kashe. Wayar da za ta taso daga gaba zuwa but ta kai girman 16mm² (milimita sukwaya 16), a zura ta cikin bututun roba, a nisanta ta da salansa. Abin da masu wayarin suka fi mantawa shi ne fiyus: ɗaya a kowane ƙarshe, bai wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba. Waya marar fiyus da ta goge da bodi a kan gargada ita ce gobarar mota. Faifan sola mai wat 150 zai mayar da kusan amfiya-awa 40 a rana idan ana goge masa ƙura. Ka sanyaya kayan tun a gida, ka bar wa firjin wurin shan iska, ka daina buɗe shi kowane minti.

Tambaya: Idan mota ta kafe, me ake yi? Mun taɓa ja da sarƙa, ƙugiyar ta ɓalle ta fasa gilashin baya. — Wani matashi daga Nguru

Amsa: Allah ya kiyaye, gilashi ta samu ba kan mutum ba. Abu na farko, da ka ji mota ta daina ci gaba, ɗaga ƙafa daga totur. Kowane juyi na banza ƙara binne ta yake yi har cikinta ya zauna a ƙasa. Sauko ka duba. Rage iska zuwa 14 ko 12. Ɗauki shebur mai dogon hannu ka kwashe yashin gaban tayoyi huɗu da na ƙarƙashin aksul, ka yi musu gangare mai sauƙi. Tura faranti na yashi a ƙarƙashin tayoyin, irin na ƙarfe mai huji ko na roba mai ƙarfi. Sa 4L, wato ja da ƙafa huɗu mai ƙarfi a hankali, giya ta biyu, ka tashi a hankali. Idan motar na da maɓallin hana santsi, kashe shi, domin yana yanke wa inji ƙarfi daidai lokacin da kake buƙata. Idan tana da makullin hannu a cibiyar tayoyin gaba, tabbatar an murɗa shi, mutane da yawa sun yini suna haƙa alhali ƙafa biyu ce kawai ke ja. In cikinta ya riga ya zauna, ɗaga ta da jak a kan katako mai faɗin taƙi ɗaya da rabi da kaurin yatsu biyu, ka cika ramin, ka sauke ta a kan farantin.

Ja shi ne mataki na ƙarshe. Ba a fizga da sarƙa ko wayar ƙarfe, domin ba sa miƙewa, duk ƙarfin a kan ƙugiya yake sauka. Ana amfani da igiyar nailan mai talewa, tsawon mita 9, mai ƙarfin tan 8, da maɗaurai masu hatimin tan 3.25 ko 4.75. A ɗaura a wurin ja da aka ɗaure da shasi da manyan notuna. Ƙananan zobban da ke ƙasan bamba na ɗaure mota ne a jirgin ruwa, ƙwallon jan tirela kuma karyewa yake yi ya tashi kamar harsashi. A yafa bargo ko buhu a tsakiyar igiyar, kowa ya matsa nesa fiye da tsawonta sau ɗaya da rabi, mutum ɗaya ne kuma ke ba da umarni.

Da an fito kan kwalta a cire 4H, wato ja da ƙafa huɗu na gudu, a motocin da ba kullum suke ja da ƙafa huɗu ba, irin Hilux da Land Cruiser 70. In aka bar ta, giyar tsakiya ɗaurewa take yi har wani abu ya karye.

Tambaya: Bututun shan iska da ake ɗorawa a gefen gilashi, yana sa mota ta iya ratsa kogi? — Mai karatu daga Yola

Amsa: Babban aikinsa a ƙasarmu ƙura ne, yana jan iska daga sama inda ta fi tsabta. Bai mayar da mota kwalekwale ba. Iyakar da Toyota ta ba Prado da Land Cruiser kusan santimita 70 ne, kuma kwamfuta, altaneta da ramukan numfashin aksul suna nan inda suke. Ka fara ratsa ruwan da ƙafa da sanda. In ya wuce gwiwa kuma yana ja, jira ya sauka. In za ka shiga, bari aksul ya huce, sa 4L giya ta biyu, tafi da gudu ɗaya ba canza giya. Inji ya mutu a tsakiya, kada ka sake murɗa makulli, ruwan da ya shiga silinda lanƙwasa sandar fistan yake yi. Bayan ka fito ka duba man aksul, in ya koma kalar madara a juye shi.

Filtar iska kuwa a lokacin hunturu kowace yamma ake ciro ta a bubbuga a hankali, ba a hura ta da iskar mai faci mai ƙarfi, takardar ke hujewa. A ƙarshen damina kuma, bayan an ratsa ciyawa, a leƙa ƙasan mota a cire busasshiyar da ta naɗe a salansa, a goge 'ya'yan ciyawa da suka toshe fuskar lagireto. Tukunyar kashe gobara mai kilo biyu tana zama inda hannun direba zai kai, ba a ƙarƙashin buhun shinkafa ba.